Ana Kai Taguwa Lasar Gishiri, Wa Zai Kai Mai Ciki Awo?

Duk wanda ya taɓa sayen jan gishirin dabbobi a kasuwannin Ingal, Abalak ko Tawa, to mai yiwuwa gumin mutanen Tegidda-n-Tesumt ne ya riƙe a hannunsa ko da bai sani ba. Wannan ɗan ƙaramin gari da ke arewa da Ingal, cikin jahar Agadas, sunansa ma daga gishiri ya samo asali, domin da harshen Tamajak kalmar ƙarshe ta sunan gishiri take nufi. Shekaru aru-aru ke nan maza da matan garin suna kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi, su tace, su zuba cikin ɗaruruwan ƙananan ramuka, rana ta shanye ruwan, su kwashe abin da ya rage su dunƙula, fatake su ɗauka zuwa kudu.

Haka nan kuma, a kowace shekara idan damina ta yi nisa, makiyaya Abzinawa da Fulani da Larabawa sukan koro garkunansu zuwa filayen Irhazer da ke kewaye da garin, don dabbobi su ci ɗanyar ciyawa su lashi gishiri, daga nan kuma a hallara a Ingal cikin watan Satumba don bikin Cure Salée. Makiyayi yakan yi tafiyar makonni saboda taguwarsa ko saniyarsa ta samu abin da jikinta ke buƙata ta haihu lafiya, ita ma hukuma takan tura malaman dabbobi da allurai. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Sai dai tambayar da muke so mu ajiye a gaban jama'a a yau ita ce: matar da ke ɗauke da juna biyu a cikin wannan ayari, da wadda ke sunkuye a bakin ramin gishiri, da wadda ke zaune a rumfar kasuwa tun safe har la'asar, wa ke yi mata irin wannan ɗawainiya?

Dalilin tambayar shi ne, mai ciki ba ta da ƙarfin yaƙi da cuta kamar sauran mutane. Likitoci sun bayyana cewa idan mace ta samu ciki, garkuwar jikinta takan sassauta domin ta riƙe abin da ke cikinta. Saboda haka cutar da za ta kwantar da namiji kwana uku ya tashi ya koma kasuwa, ita tana iya zubar mata da ciki, ko ta sa ta haifi bakwaini, ko ma ta tafi da su duka biyun. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a cikin kowace mace goma da ke rasuwa ta dalilin ciki ko haihuwa, kusan ɗaya ƙwayoyin cuta ne suka shiga jikinta suka yi ajalinta. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan yanki namu tsagar bangon guda huɗu ce, kuma kowace ɗaya tana da alaƙa da abin da muke saye da sayarwa kullum.

Ta farko ita ce dabba. A ƙarshen watan Agusta na 2016 aka fara samun labarin wani baƙon zazzaɓi a yankin Cintabaraden da ke jahar Tawa, maƙwabciyar Ingal. Gwajin da aka yi a cibiyar Pasteur ta birnin Dakar ya tabbatar da cewa zazzaɓin Rift Valley ne, cutar da aka fara ganowa a ƙasar Kenya a 1931. Zuwa ranar 22 ga Satumba na wannan shekara mutum 64 aka lissafa sun kamu, 28 daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma duk wannan ya faru ne ana gab da bikin Ingal. Abin lura a nan shi ne, a daidai wannan lokaci makiyayan yankin sun ga dabbobinsu suna ta ɓari, ƙanana kuma suna mutuwa. Haka cutar take: sauro ne ke yaɗa ta tsakanin tumaki, awaki, shanu da raƙuma, idan ta shiga garke kusan duk tunkiyar da ke da ciki sai ta zubar. Mutum kuma yakan ɗauka ne idan ya taɓa jini, ko kayan ciki, ko ɗan tayin da dabba ta ɓarar, ko kuma ya sha madarar da ba a tafasa ba. Cutar ba ta tafi ba, domin ko a 2025 ta sake ɓulla a Senegal da Muritaniya.

Mafi yawan waɗanda suka kamu a Cintabaraden maza ne makiyaya, amma kada wannan ya sa mata su saki jiki. Wani bincike da aka gudanar a asibitin birnin Port Sudan, aka wallafa a 2016, ya duba mata masu ciki 130 da suka zo da zazzaɓi. An samu 28 suna ɗauke da wannan cuta, kuma 15 daga cikinsu sun yi ɓari, wato fiye da rabi. A cikin sauran 102 da ba su da ita, 12 ne kawai suka yi ɓari. Ban da ita akwai cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ita ma ke sa dabba ɓari, ta shiga mutum ta hanyar ɗanyar madara da cukun da aka yi da ita, ta riƙa kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi na tsawon watanni.

To, wa ke tatsar akuya da asuba? Wa ke wanke hanji da tumbi idan an yi yanka? Wa ke kwashe mahaifar tunkiya daga turke? Amsar kowa ya san ta. Don haka muke cewa, ranar da awaki biyu ko uku suka yi ɓari a jere a gida ɗaya ko a ruga ɗaya, a ɗauka an kaɗa wa mai cikin gidan ƙararrawa ne. Daga ranar ta janye hannunta daga tatsa da gyaran ɗanyen nama, abin da dabbar ta zubar kuma namiji ya sa leda a hannu ya ɗauka ya binne da zurfi, sannan a sanar da malamin dabbobi. Mun san abin da ke hana mutane faɗa: tsoron kada a rufe kasuwa ko farashi ya faɗi. Mun kuma san al'adar nan ta yi wa dabbar da ta kwanta yankan gaggawa a kai naman kasuwa da araha don kada a yi asara. Amma duk mahaucin da ya karɓi irin wannan nama, ya sani cewa hannun da zai fara wanke shi yana iya zama na matar da ke wata bakwai.

Ga 'yan'uwanmu masu tallar nono, fura da cuku, ba neman karya muku kasuwa muke yi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Madarar da aka tafasa kafin a bar ta ta kwana ta yi kindirmo tana nan da daɗinta, kuma mai sayar da ita tana da abin da za ta yi alfahari da shi a gaban masu saye. Akwai masu cewa tafasa madarar raƙumi yana kashe maganinta. Ko da mutum ya riƙe wannan magana ga kansa, wata tara dai ba shekara tara ba ce, a daure a tafasa wa mai ciki tata. Nama kuma idan ya dahu sosai babu abin tsoro a cikinsa.

Tsaga ta biyu ita ce ruwa. Jama'ar Difa ba za su manta da shekarar 2017 ba, lokacin da mata masu ciki suka riƙa zuwa asibiti idanunsu sun yi rawaya, wasu a sume, kwana kaɗan a ce sun cika. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta bayyana cewa daga watan Disamba na 2016 zuwa Afrilu na 2017 mata masu ciki 25 ne suka rasu a haka, a cikin watan Afrilun ne kuma hukuma ta sanar cewa ciwon hanta nau'in E ne. Wannan cuta ta ruwan da bayan gida ya gurɓata take shiga. Namiji mai lafiya yakan warke cikin 'yan makonni, amma mai cikin da ta shiga watanni uku na ƙarshe, idan cutar ta kama ta, ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar tana iya rasa ranta. Difa na da nisa da Tegidda, sai dai sharuɗɗan da suka haifar da abin ba su da nisa: taron jama'a mai yawa, ƙarancin salga, da rijiya ko tabki ɗaya da mutum da dabba ke sha tare. A ƙasar da ruwanta ke da zartsi, inda ruwan daɗi sai an yi tafiya, kowa ya san yadda jarka ɗaya ke yawo daga hannu zuwa hannu ba tare da ta ga sabulu ba. Maganin abin bai fi ƙarfin talaka ba: a tafasa ruwan da mai ciki za ta sha ko a jefa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs, a wanke jarka da randa, a wanke hannu da sabulu bayan an kewaya da kuma kafin a taɓa abinci. Masu sayar da ruwa, zoɓo, kunu da ƙanƙara a ranar kasuwa, wannan amana ce a wuyanku. Idan kuma aka ga idon mai ciki ya yi rawaya, kada a tsaya jiƙa mata saiwar shawara, a nufi gidan likita a ranar.

Tsaga ta uku sauro ne. Mutanen arewa sun daɗe suna ganin zazzaɓin cizon sauro ciwon 'yan kudu ne, amma ruwan saman da aka tafka a daminar 2024, wanda ya yi ɓarna har a jahar Agadas, ya nuna cewa ko'ina ruwa ya kwanta sauro zai haihu. Hasali ma wanda bai saba da ciwon ba shi ya fi shan wuya idan ya kama shi. A jikin mai ciki, ƙwayar cutar takan taru a mabiyiya, inda jariri ke samun abinci, ta shanye jinin uwa, ta sa a haifi ɗa ƙarami marar ƙwari, wani lokaci ma uwar ba ta ji zazzaɓin kirki ba. Shi ya sa ake ba masu ciki ƙwayar riga-kafi da aka fi sani da Fansidar a wurin awo. Ana farawa ne bayan ciki ya cika wata uku, a riƙa sha wata-wata a gaban ungozoma, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wadda ba ta je awo ba sai a wata na takwas ta riga ta yi asarar mafi yawan wannan kariya. Sangen da ake rabawa kuma don a kwana a ciki ne. Abin takaici ne a gan shi an rufe tumatir da shi, ko an kewaye shuka, ko kuma a same shi a rumfa an sa masa kuɗi.

Tsaga ta huɗu ita ce wadda ba a son faɗa, wato shimfiɗar aure da ɗakin haihuwa. Tunjere na iya zama a jinin mace shekaru ba ta sani ba, tana ta haihuwar 'ya'ya babu rai ana ɗora laifin a kan iska ko kishiya, alhali ɗigon jini ɗaya a wurin awo ya isa a gano shi, allurar fenisilin kuma ta kuɓutar da jaririn idan an yi da wuri. Amma in an yi wa mata magani an bar miji, an yi aikin baban giwa. Haka cutar sida take: uwar da ba ta shan magani tana iya sa wa ɗanta, daga kashi 15 har zuwa 45 cikin ɗari, wadda ke sha kuwa abin yakan sauka ƙasa da kashi 5. Ranar haihuwa kuma, hannun da ba a wanke ba, da tsohuwar reza, da tsumman da aka shimfiɗa, da toka ko kashin dabba ko man goge baki da ake shafa wa cibiya, su ne ke kawo zazzaɓin jego ga uwa da cutar sarƙe-haƙora ga jariri, wadda ke sandarar da shi ya kasa kama nono cikin makonni biyu na farko.

A kan wannan cuta ta ƙarshe akwai labari mai ƙarfafa gwiwa. A shekarar 2016 aka tabbatar da cewa Nijar ta shiga sahun ƙasashen da suka ci ƙarfin sarƙe-haƙora ta uwa da jariri. Ba da wata na'ura mai tsada aka kai ga haka ba, allura ce aka bi mata da ita gari-gari: biyu a lokacin ciki, da tazarar wata ɗaya a tsakani, biyar kuma a jimilla su kare mace tsawon shekarun haihuwarta. Wannan ya nuna cewa idan an ƙudura niyya, ana iya kai wa ga matar da ke can cikin daji. Ya kuma kamata a tuna cewa ƙwayar cutar tana nan a cikin ƙasa da kashin dabbobi, ranar da aka daina allurar ranar za ta dawo.

Idan muka duba da kyau, za mu ga duk hanyoyin nan a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato awo. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana awon ciki a matsayin kyauta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta sauka. To me ke hana zuwa? Akwai kunyar cikin fari, da ɓoye ciki don tsoron baki har sai zane ya kasa rufe shi. Akwai jiran izinin maigidan da ya bi ayari ko ya tafi wurin haƙar zinariya. Akwai lissafin 'yar kasuwa, wadda ke ganin yinin da ta yi a layin awo cinikin ranar ne ya tafi. Sannan akwai nisa, musamman da damina, lokacin da laka ta Irhazer ke riƙe mota kwana da kwanaki. Uku na farko a hannunmu suke, na huɗu kuwa a hannun hukuma.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata da ke kasuwa, musamman shugabannin ƙungiyoyi da uwayen adashi, da su ɗauki wannan a matsayin nasu. Idan maƙwabciyar rumfa za ta je awo, a tsare mata kayanta a sayar mata, kamar yadda ake yi idan ta je biki ko gaisuwar mutuwa. A cikin kuɗin adashi a ware wani abu na mota, wanda za a iya ɗauka ko da tsakar dare ne. Masu sayar da kayan jarirai, kafin atamfa da turare, ku tuna wa mai saye sabuwar reza a cikin takardarta, da sabulu, da zare mai tsabta, da sabuwar ledar shimfiɗa, duka kuɗinsu bai kai na kallabi ɗaya ba. Cibiya kuma a bar ta da maganin da ungozoma ta bayar kawai. Masu tallar ƙwayoyi a faranti, ku ji tsoron Allah game da mai ciki: akwai kafso irin su tetirasakilin da ke lalata haƙora da ƙashin abin da ke cikinta, kuma ƙwayar da ta kwana a rana tana rufe zazzaɓi ne kawai cutar na ci gaba da aikinta.

Ya kamata kowane gida ya haddace alamomin da ba a kwana da su: zazzaɓi, rawayar ido, zafin fitsari, ruwa mai wari daga gaba, fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo baya ba, zubar jini, jariri ya daina motsi, ko zazzaɓi da ciwon mara a cikin kwanakin jego. Magidanta kuma, duk wanda zai yi tafiya ya bar izini a bayyane a gaban mahaifiyarsa da maƙwabta cewa in an ga ɗaya daga cikin waɗannan a tafi da ita ba sai an neme shi a waya ba. Wanda ya san ranar da taguwarsa za ta haihu, bai dace a ce bai san ko matarsa ta yi allura ba.

Ga hukumomin lafiya na jahar Agadas da gundumar Ingal da magadan gari, muna ganin hanya a buɗe take. Motar da ke kai malamin dabbobi ruga ta ɗauki ungozoma da kayan gwajin jini da ƙwayoyin riga-kafi. A sa ranar awo ta dace da ranar kasuwa, a kafa rumfar awo mai sirri a gefen kasuwar, domin mace ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Aikin lafiyar da ake yi a kwanakin bikin Ingal kada ya tashi tare da manyan baƙi, ya ci gaba har garkuna su juya kudu, tunda ƙwaya ɗaya da allura ɗaya ba su isa ba. Duk labarin ɓarin dabbobi da ya iso ofishin kiwo, ya isa ɗakin awo a ranar. Kuma idan an ce abu kyauta ne, a tabbatar yana nan a kan kanta, don matar da ta yi tafiyar yini aka ce mata magani ya ƙare, da wuya ta sake dawowa, kuma za ta gaya wa goma. Gidajen rediyo su ma su riƙa maimaita saƙon da Hausa, Tamajak, Fulatanci da Tasawak, harshen mutanen Ingal da Tegidda, a lokacin da mata ke kusa da akwatin.

Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ajali na Allah ne, amma Shi ne kuma Ya hore mana wuta da tukunya, da sabulu, da allura. Allah Ya raba masu ciki da abin da suke ɗauke da shi lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya sa albarka a kasuwa da garke.